Waƙoƙin soyayyar Latin da Turawan Ingila suka juya, fassara ce ko wankiya?

Sadiku_Agege:

Salam jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah wani abu ne ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace. Ina aji uku a sashen Turanci a wata jami'a nan Legas, wannan semistar muna da kwas na waƙoƙin Ingila na ƙarni na 16 da na 17, to ranar Talata malamin ya shigo ya rubuta sunaye a allo, Katulus, Obid, Horas, Furofatiyus, ya ce asainmen shafi biyar kan yadda mawaƙan Ingila suka fassara ko suka kwaikwayi waƙoƙin soyayya na Latin, ya kwashi takardunsa ya fice wai yana da mitin, ko tambaya ɗaya bai tsaya ya amsa ba.

Jiya na sauka Ojuelegba wajen masu tsofaffin littattafai na samu wani tarin waƙoƙi da bangonsa ya yage, na taya aka sallama, na buɗe shi a danfo don goslo ɗin Ikeja zuwa Agege ya ishi mutum ya sauke littafi guda. A ciki na ga wata waƙa ta Thomas Campion mai farawa da My sweetest Lesbia, na ga wata ta Ben Jonson mai farawa da Come my Celia, a ƙasan kowacce an rubuta wai daga waƙar Katulus ta 5 aka ɗauko. Na nemo Katulus ɗin a waya, layi 13 ne kacal. Wlh da na gwada su sai na ga ta Campion baitin farko kawai ya yi kama, sauran ya kama gabansa yana maganar sojoji da ranar mutuwarsa, shi kuwa Jonson har sunan yarinyar ya canja, kuma sumba dubu da ɗari da Katulus yake ta ƙirgawa babu ko ɗaya a ciki.

To tambayata, wannan fassara ce ko abin da mu muke kira wankiya in an kwafi fim ɗin Indiya? Don ni na san in na ɗauki aikin wani na canja suna na miƙa, kashina ya bushe, sai na maimaita kwas. Me ya sa su ake yabonsu? Sannan wacce fassarar zan riƙe in ce ita ce ta gaskiya tunda ni ko gaisuwa ban iya da Latin ba. Abu na ƙarshe, wani da ke kusa da ni a motar ya leƙo ya ga sunan Lesbiya ya yi min wani irin kallo har ya ɗan matsa, don Allah sunan nan yana da alaƙa da abin da yake tunani ne? Ngd.

Malam Tanimu Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ɗana Sadiku. Na koyar da adabin Turanci a sakandare shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, Latin ɗina kuwa na tsintar ne, da ƙamus nake rarrafawa, amma abin da ka tambaya na san hanyarsa.

Bari in fara sauke maka na ƙarshen. Lesbiya ba sunan matar ba ne, laƙabi ne. Katulus mutumin Berona ne a arewacin Italiya, an haife shi wajen shekara ta 84 kafin Miladiyya kuma bai wuce shekara talatin da haihuwa sosai ba ya mutu. Yana matuƙar son waƙoƙin wata mawaƙiyar Girka mai suna Safo wadda ta fito daga tsibirin Lesbos, har waƙarsa ta 51 tata ce ya juya zuwa Latin, to sai ya laƙaba wa masoyiyarsa sunan tsibirin. Kalmar da maƙwabcinka na mota yake tunani, wato ta ƴan maɗigo, ita ma daga sunan tsibirin ta fito amma can daga baya sosai, hanya daban. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa matar sunanta Kulodiya, ƴar manyan gida a Rum kuma matar aure, shi ya sa dole a sakaya. Ka lura da abu guda tun nan, shi kansa Katulus ɗin da kake ganin an yi wa sata, ya ɗauko daga Safo. Kowa a bakin wani ya ji.

Maganar wankiya kuwa. Wankiya ita ce ka ɗauko ka ɓoye tushe kana fatan kada a gane. Su waɗannan mutanen so suke a gane, don a zamaninsu yaron da ya shiga makarantar nahawu a Ingila da Latin yake wuni, ana sa shi ya juya Latin zuwa Turanci ya sake mayarwa, da bulala. Duk wanda zai ji waƙar Jonson cikin masu ilimi ya san Katulus ta 5 da ka. Daɗin abin a wajensu shi ne su ga inda ka bi sawu da inda ka kauce. Kamar tahamisi ne a wajenmu, malami ya ɗauki baitin wani ya ɗora masa ɗango uku, babu mai ce masa ɓarawo, sai dai a ce ya iya ko bai iya ba.

Abin da zai fisshe ka a asainmen ɗin nan John Dryden ne. A 1680 ya rubuta gabatarwa ga wata fassarar wasiƙun soyayya na Obid, ya kasa fassara gida uku. Ta farko kalma da kalma, layi da layi, wadda ya kwatanta da mutum ya yi rawa a kan igiya da mari a ƙafa. Ta biyu ka riƙe ma'ana ka saki kalmomi, marubucin yana gabanka ba ka ɓace masa ba amma ba ka taka duk inda ya taka, ita ya fi so. Ta uku kwaikwayo, ka ɗauki ƙanshin abin kawai ka yi yadda kake ganin mawaƙin zai yi da a ƙasarka da zamaninka aka haife shi. Campion da Jonson ɗinka a gida na uku suke. In kana son misalin na farko ka nemi yadda John Milton ya juya waƙar Horas ga wata yarinya Fira, ta 5 a littafi na ɗaya, shi da kansa ya rubuta a kai cewa kusan kalma da kalma ce ba amsa-amo, za ka ji Turancin yana tafiya a sandare kamar wanda ya sa takalmin aro, amma fa yana da kyansa.

Sumbar da ka ce ta ɓace ba ta ɓace ba, Jonson ya kai ta wata waƙar ce, mai farawa da Kiss me sweet. A nan ma za ka ga gwaninta. Katulus a waƙa ta 7 ya ce yana son sumba yawan yashin Libiya da yawan taurari. Jonson ya ga mutumin Landan bai san yashin Libiya ba, sai ya ce yawan ciyawar Romney, yawan yashin filayen Chelsea, yawan ɗigon ruwan kogin Thames. Ka sa wannan misalin a shafi na biyu, in malaminka ya san aikinsa zai gyara zama.

Alhaji Mai Tumatir Mile12:

Hhhh Malam Tanimu Allah ya ƙara sani. Ni dai ba ɗan boko ba ne can can amma yarona ya karanto min waƙar nan ta 5 ya fassara min, wlh mutumin nan ɗan kasuwa ne ko kuma ya zauna da ƴan kasuwa. Dubu, sai ɗari, sai wata dubu, sai ɗari ta biyu, ai haka muke ƙirga kwando in tirela ta iso daga Kano da asuba yara suna saukewa ana kira ana rubutawa. Kuma wai a ƙarshe ya ce su hargitsa lissafin don kada wani mugu ya san adadin ya yi musu hassada, to wannan ai kambun baka yake tsoro, mu ma ba ma faɗin kwando nawa muka sayar ko ƴaƴa nawa ne a gida a gaban kowa. Ashe Turawan da ma sun san baki.

Amma gsky akwai inda ya ɓata min rai, inda ya ce rana tana faɗuwa ta dawo amma mu in haskenmu ya mutu dare ɗaya ne na barci har abada. A'uzubillahi. Sadiku ka yi karatunka ka ci jarabawa amma kada wannan ta zauna maka a zuciya, akwai tashi akwai hisabi. Kuma matar aure fa Malam ya ce. Wannan a unguwarmu da tuni an kai maganar gaban Sarkin Hausawa.

Anti Bilki Obalende:

Alhaji ai in matar aure ce ta dame ka to ba ka ji komai ba, ta Jonson ta fi muni kuma da gangan ya yi. Sadiku ƙanena littafin da ka saya ya cuce ka da ya ciro waƙar ita kaɗai kamar wata kalaman soyayya da za a tura wa budurwa a WhatsApp. Waƙar Come my Celia a cikin wasan kwaikwayo take, Volpone, na wajen 1606. Wanda yake rera ta wani attajiri ne mayaudari da ya kwanta ciwon ƙarya don masu kwaɗayin gadonsa su dinga kawo masa kyauta, har wani ɗan kasuwa don tsabar son abin duniya ya kawo masa matarsa ta sunna, ita ce Siliya, tana kuka tana roƙo. Da aka bar su su biyu sai majinyaci ya diro daga gado garau ya kama waƙa. Kuma Jonson ya ƙara abin da babu a Latin ɗin sam, wai satar soyayya ba laifi ba ne, laifin kawai a kama ka ko a gan ka. Ka ga kenan ya ɗauki kalaman saurayi da so ya rufe wa ido ya sa su a bakin tsohon kwarto, kalmomin kusan ɗaya amma wari suke. In ka rubuta cewa Jonson ya fassara Katulus ka yi shiru a nan, ka bar rabin makinka a ƙasa.

Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya lokacin da muka yi irin wannan kwas ɗin, duk maza ne ke magana. Katulus da Lesbiya, Obid da Korina, Furofatiyus da Sintiya, Tibulus da Deliya, kowanne yana kuka an rufe masa ƙofa, an yaudare shi, ita mayaudariya ce, maganar mace a rubuta ta a iska da ruwa mai gudu, wannan ma Katulus ne ya faɗa a ta 70. Akwai wani salo da suke da shi na saurayi ya kwana a ƙofar gida yana yi wa ƙofa magiya, Obid har da roƙon maigadi ya zare sakata, na karanta na yi ta dariya don sak samarin layinmu ne da ke tsayuwa jikin get suna ba maigadi na goro a kira musu yarinya. To amma ita ta cikin gidan me take cewa? Babu wanda ya tambaye ta.

Sai mace ɗaya tal da waƙoƙinta na soyayya suka tsira daga wancan zamanin, Sulfishiya, gajeru guda shida, duka ba su wuce layi arba'in ba, su ma don sun maƙale ne a cikin kundin Tibulus. Akwai wadda take mita za a tafi da ita ƙauye ranar zagayowar haihuwarta a raba ta da saurayinta Kerintus, kai ka ce yarinyar Legas ce aka ce ta tafi gida hutun Sallah ba netiwok. Kuma an daɗe wasu masana suna cewa ai ba mace ce ta rubuta ba namiji ne ya ari bakinta. Ka sa ta ko da sakin layi ɗaya ne, don ni na tabbata a ajinku babu wanda zai tuna da ita.

Ɗan Aruli Alaba Rago:

Salamu alaikum, Malam Tanimu a gafarce ni in sa baki gaban manya. Ni ta ɓangaren rubutacciyar waƙar Hausa na zo, a zaure na koyi aruli wajen malaminmu kafin neman abinci ya kawo ni Kurmi, kuma abin da zan faɗa na jima ina son in samu inda zan faɗe shi.

Duk waɗannan fassarorin na Turanci akwai abin da ba za su taɓa iya ɗaukowa ba, shi ne karin waƙar, kuma abin mamaki mu Hausawa kunnenmu ya fi na Bature kusa da shi. Waƙar Latin da nauyin gaɓa ake auna ta, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, doguwa da gajeriya, daidai yadda arulin Larabci yake kuma daidai yadda muke auna tamu. A Hausa ka ce ba gajere, ka ce baa ko ban mai nauyi, a kan wannan ake gina Kamil da Mutadarik da Basiɗ da sauransu. Turanci kuwa ba ruwansa da tsawon gaɓa, inda aka danna murya yake ƙirgawa. Har ma wani kamancen, a rubutun Latin na yau da kullum ba a nuna dogon wasali, kamar yadda mu ma a boko ba ma nunawa, sai wanda ya san harshen ya san inda zai ja. Sannan su ba su da amsa-amo a waƙarsu ta wancan zamanin, Turawan Ingila ne suka dinga liƙa mata don kunnen mutanensu ya saba, a nan kam mu muka fi kama da Turawan don mu ma waƙa ba ƙafiya sai mu ji kamar miya ba gishiri.

Ga misalin da zai nuna maka asarar a fili. Yawancin waƙoƙin soyayyar nan, na Obid da Furofatiyus da Tibulus, ƴar tagwai ce, ɗango biyu biyu, na farko ƙafa shida na biyu ƙafa biyar, wato na biyun ya gaza, tana tafiya tana ɗingishi. Obid ya buɗe littafinsa Amores da wasa a kan wannan, ya ce shi fa ya shirya zai yi waƙar yaƙi da ɗango masu ƙafa shida shida irin na manyan mawaƙa, sai ɗan gunkin soyayyarsu Kufid ya yi dariya ya sace ƙafa ɗaya daga ɗango na biyu, dole ya koma waƙar soyayya. Mai karatu a Latin yana jin satar a kunnensa a daidai layin da ake faɗar ta. To Christopher Marlowe da ya fassara littafin ya faɗi maganar satar ƙafar, amma layukansa duka gaɓa goma goma ne, kai ɗaya, babu abin da ya ɓace. Kamar mutum ne yana ba ka labarin gurgu yana tafiya a miƙe.

Ba wai ba su gwada ba. Shi Campion ɗin da Sadiku ya ambata mawaƙi ne kuma makaɗi, waƙar Lesbiya ɗinsa a 1601 ta fito a littafin waƙoƙin da ake rerawa da wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo, kuma a 1602 ya rubuta ɗan littafi yana cewa a bar amsa-amo a koma auna gaɓa irin na Latin, Samuel Daniel ya mayar masa da martani yana kare amsa-amo, kuma a aikace Daniel ne ya yi nasara, don ita kanta waƙar Campion ɗin da ake tunawa da shi da ita mai amsa-amo ce. Harshen ne ya ƙi. Ni a ganina da za a samu Bahaushen da ya iya Latin ya iya aruli, zai fitar da ɗingishin Obid fiye da duk wani Bature. Jami'ar Ibadan na da sashen da ake koyar da Latin da Girkanci, nan kusa da mu, ko mutum ɗaya cikin yaranmu ya je mana.

Malam Tanimu Idi-Araba:

Ɗan Aruli Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ni ban iya faɗa ba, kuma Hajiya Bilki ta gyara min inda na yi tsallake. Alhaji kuma kada ka damu, ba kai ka fara jin haushin mutanen nan ba. Shi Obid sarkin Rum Agustus ya kore shi a shekara ta 8 Miladiyya zuwa Tomis a bakin Bahar Aswad, inda yau ake kira Konstanta a Romaniya, shi da bakinsa ya ce waƙa ce da wani kuskure suka ja masa, can ya mutu bai sake ganin Rum ba. Fassarar Marlowe kuma a 1599 Akbishop na Kantabari da Bishop na Landan suka sa ta cikin littattafan da aka hana, aka ƙona, lokacin shi Marlowe ya shekara shida a ƙasa don a 1593 aka soke shi da wuƙa yana da shekara 29. Kuma lissafin da ka gano gaskiya ne, kalmar da Katulus ya yi amfani da ita ta hargitsa ƙirgar ana amfani da ita ga wanda ya rikita littafin kuɗinsa ya karye, kuma surutun tsofaffi cewa ya yi a yi masa kuɗi as guda, ƙaramin kuɗinsu, mu ce anini. Fassarori da yawa na Turanci sun bi daɗin soyayyar sun zubar da wannan ƙanshin kasuwar, kai da ke Mile 12 ka ji shi nan take.

Sadiku ga wani da ya kamata ka rufe da shi don ya kai rigimar ƙarshe. A 1919 Ezra Pound, Ba'amurke mazaunin Landan a lokacin, ya fitar da abin da ya yi da waƙoƙin Furofatiyus. Wani farfesan Latin a Jami'ar Shikago mai suna William Gardner Hale ya yi masa kaca-kaca a mujalla ya ce mutumin nan bai san Latin ba. Kuma kurakuran suna nan ana gani. Akwai kalmar canes, tana iya zama karnuka tana iya zama za ka rera, Furofatiyus za ka rera yake nufi, Pound ya rubuta karnukan dare. Kamar Bature ya ga an rubuta wuya a Hausa, ana nufin wahala, ya fassara da wuyan da ake rataya sarƙa. Akwai kuma minas, barazana, ta wata ƙabila da Rumawa suka yaƙa, shi ya mayar da ita ramukan haƙar ma'adinai na Wales don kalmar ta yi kama da ta Turanci. Masu kare shi suka ce da gangan ne, tsokana ce, kuma shi bai ce fassara ya yi ba, sunan da ya sa wa aikin ma girmamawa ce ga Furofatiyus. Ni dai ra'ayina wasu da gangan ne wasu kuwa bai duba ƙamus ba ne kawai ya ƙi yarda, amma duk da haka in ka karanta nasa za ka ji mutum mai rai yana magana, mai baƙar magana da izgili, alhali fassarori masu tsabta da yawa kamar takardar kotu suke. Har akwai wasu mata da miji, Louis da Celia Zukofsky, da a 1969 suka juya Katulus gaba ɗaya suna bin sautin Latin ɗin da kalmomin Turanci masu kama da shi a kunne, wannan kam na gwada karantawa kaina ya yi ciwo na ajiye.

Wacce za ka riƙe? Kada ka riƙe ɗaya. Ka nemi wadda aka buga Latin a hagu Turanci a dama irin na jerin Loeb don ka san me aka ce, sannan ka ajiye ta mawaƙa a gefe don ka ga me aka yi da shi. Sai dai ka sani tsofaffin bugun sukan tsallake wuraren batsa ko su bar su ba fassara, Katulus bakinsa ba linzami, kada ka je ka nemo ta 16 ka karanta a danfo. In kana son ka gane wahalar aikin da hannunka, ɗauki ta 85, layi biyu ce tak, tana farawa da odi et amo. Ma'anarta, ina ƙi kuma ina so, wataƙila ka tambaye ni don me, ban sani ba, ji dai nake yana faruwa da ni ina azabtuwa. Kalmar ƙarshen daga tushen gicciye take, azabar da ake yi wa bayi. Zauna ka juya ta Hausa sau uku, kalma da kalma, sannan ma'ana, sannan yadda kai Sadiku na Agege za ka faɗa, za ka fahimci Dryden fiye da duk abin da zan rubuta maka.

Sadiku_Agege:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh na kwafe komai a littafi don wayar saura kashi tara kuma ba wuta tun jiya. Baba Malam na gwada abin da ka ce a kan ta 85, ta farko da ta biyu sun zo da sauƙi, ta ukun ce na yi ta gogewa, ga abin da ya rage, kada a yi min dariya.

Ina sonki ina jin haushinki, kada ki tambaye ni dalili,
Ni ma a kaina ake yi, kamar mai cin barkono yana hawaye yana ƙari.

Na san gicciyen ya ɓace barkono ya shigo kuma Ɗan Aruli zai ce karin ya karye. Na kuma gwada irin ta Jonson, na sa yawan motocin gadar Third Mainland ranar Litinin da safe da yawan kwandunan Alhaji a madadin yashin Libiya, amma wannan ba zan sa a nan ba. Anti Bilki na sa Sulfishiya a shafi na huɗu.

Anti Bilki Obalende:

Ɗan nema, wato har ka mayar da ita sonki, a Latin ɗin fa babu ki babu ka, bai ce wa yake so ko wa yake ƙi ba, kai ne ka san wadda kake nufi. Wace ce, ƴar Agege ce ko ta ajinku?

Ɗan Aruli Alaba Rago:

Karin kam ya karye tun a ɗango na farko, na biyun kuma ya fi na farkon tsawo, wato ka yi ɗingishin da ƙafar da ba ita ba. Amma barkonon ya zauna, kada ka cire shi. In kana zuwa ta wajen Ojo ranar Lahadi ka biyo bayan la'asar mu ƙirga gaɓoɓin tare, ka taho da littafin nan mai yagaggen bango ina son in ga ta Campion ɗin da idona.